Wata shida ina aiki da Charis mai kauri

Wata bana, wato kyallen sanarwa, ta walimar saukar Alƙur'ani ce ta kai ni ga Charis SIL, wani salon haruffa na kwamfuta. An kawo mini rubutun a 'yar takarda: "Muna maraba da manyan baƙi." Na ɗora shi a manhajar zane ta CorelDRAW da Clarendon mai kauri, salon haruffan da na daɗe ina ji da shi, sai ga ƙ ta fito siririya a tsakiyar kalma, kamar akuya cikin garken shanu. Kwafin da ke kwamfutata, wanda na kwasa a filashin wani abokin sana'a shekarun baya, ba shi da haruffa masu ƙugiya, shi ne manhajar ta aro ɗaya daga wani wuri ta cusa. Yaron shagona ya ce, "Oga, a sa k kawai mana, wa zai lura?" Na ce to karanta mu ji. Da ya kai kan "manyan baki" sai ya fashe da dariya.

Har gobe ina ganin girman Clarendon. Robert Besley ya fitar da shi a Landan a 1845, lokacin da masu ɗab'i ke neman harafi mai nauyi da zai fito fili a cikin rubutu, kamar kan kalma a ƙamus. Ƙafafun haruffansa masu kauri ne, kuma ba a kusurwa suke haɗuwa da jiki ba, suna da lanƙwasa mai taushi, shi ya sa yake da kwarjini ba tare da ya yi faɗa da ido ba. Besley ya yi masa rajista, kariyar ta shekara 3 ce kacal, tana ƙarewa kowa ya shiga kwaikwayo. Sai dai mutumin don Turanci ya zana abinsa, ni kuwa da ɓ da ɗ da ƙ nake cin abinci.

Charis kuwa yana da su, kuma kyauta ne, lasisinsa ya yarda a yi aikin kuɗi da shi, kuma an gina shi ne a kan salon Charter, wanda Matthew Carter ya zana a 1987 don injinan bugu na ofis da ba sa iya fitar da siraran layuka. Wannan asalin ya yi mini rana. Katin ɗaurin aure da nake bugawa a kan takarda mai kauri, wani lokaci tawada ta kusa ƙarewa, ƙafafun haruffan ba sa karyewa, cikin a da e ba ya toshewa. Na taɓa gwada salon Bodoni mai kauri a irin wannan katin, siraran layukan suka ɓace, sunan ango ya koma sanduna a jere.

Inda ya fi burge ni ƙugiyar ce kanta. A wasu salon za ka ga an liƙa ta ne daga baya, kamar facin wando. A nan kaurinta ɗaya da jikin harafin, kuma babbar Ɗ da babbar Ƙ suna tsayawa kafaɗa da kafaɗa da 'yan uwansu. Na rubuta ƘASA da manyan baƙaƙe a bangon wani littafin makaranta, na ja da baya taku uku, ban ga inda ta bambanta ba. Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ya kawo aikin takardar shago, ya ce shi ƴ yake so yadda suke rubutawa a Nijar, ba 'y irin tamu ba. Tana nan. Alamomin karin sauti ma suna hawa kan wasali daidai, ga mai aikin ƙamus ko littafin nahawu.

To, amma kada wani ya ɗauka ya samu magajin Clarendon. Charis don karatu aka yi shi, mai kaurinsa na kanun babi ne da sunan amarya a kati. A bana mai ƙafa 10 da za a hango daga tsallaken titi, ba shi da ƙiba. Na gwada ƙara masa layi a gefe don ya cika, sai ƙugiyar ɗ ta fara haɗewa, na fasa. Tazarar layinsa ma tana da faɗi, da gangan aka bar ta saboda harsunan da ke ɗora alama kan alama, don haka duk kanu mai layi biyu sai na matse shi da hannu.

Banar walimar dai da Clarendon ta fita. Na mayar da kalmar zane, na yanko saman f na dasa a kan k, na yi kusan rabin awa ina gyaran gaɓar. Wannan ƙ ɗin tana ajiye a fayil nata, tare da ɗ da ɓ da na yi daga baya, don manyan ayyuka. Kati, bangon littafi da kalanda kuwa duk sun koma hannun Charis, kuma yaron shagon yanzu shi yake fara duba ƙugiya kafin mu tura aiki inji.