Shagon gyaran tsofaffin hotuna a Jos: sun iya fuska, amma a ja musu kunne kan gini

Bayan rasuwar Baba, Allah Ya jiƙansa, muka buɗe akwatinsa na ƙarfe muka tarar da hotuna goma sha ɗaya a cikin ambulan. Laima ta ci gefensu, biyu ma sun manne da juna. Ƙanwata ce ta kwatanta mini wani shago a saman bene, kan titin Ahmadu Bello, inda ake sa hoto a na'ura a gyara shi a kwamfuta. Na fara kai biyar. Naira dubu huɗu kowanne har da wanki, kuma ranar da suka ce in dawo, ranar na karɓi aikina.

Mai shagon dattijo ne mai natsuwa. Da ya ga waɗanda suka manne bai ja su ba. Ya ce, "Hajiya, ki bar mini su kwana biyu, gaggawa ce ke kashe irin waɗannan." Ya raba su ba tare da ko kusurwa ta yage ba.

Hoton da na fi damuwa da shi na Baba ne yana ɗalibi a Landan, a shekarun 1960, tsaye cikin doguwar kwat a ƙofar gidan da ya yi haya a unguwar Brixton. Gidajen nan tun zamanin Sarauniya Victoria ne, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Da jirgin ƙasa ya kai bayan gari sai aka jera su layi-layi, bango manne da bango, da ƙananan tubala, taga ta turo ciki waje, a kan rufi kuma bututun hayaƙi, domin da kwal ake ɗumama ɗakuna. Hayaƙin nan ne ya mayar da bangwayen baƙi ƙirin. A Disambar 1952 ya haɗu da hazo ya kashe dubban mutane, har aka yi dokar tsaftace iska a 1956. Kafin su Baba su je, an rarraba irin gidajen ɗaki-ɗaki ana ba baƙi haya, 'yan Afirka ta Yamma da 'yan Karibiyan. A jikin ƙofar da ke hoton akwai ƙararrawa huɗu. Baba ya sha nuna mana tasa, ta uku, yana ba mu labarin yadda sai ka jefa sulai a mita kafin ka samu gas na jin ɗumi.

Fuskar Baba ta fito tas, har ɗan tabon da ke haɓarsa. Sai da na share hawaye na lura da bayansa. Yaron da ke kan kwamfuta ya wanke bangon fes kamar jiya aka yi masa fenti, ya goge ƙararrawar duka huɗun, bututun hayaƙin ma babu su. Na ce, "Ɗana, ina ka kai gidan?" Ya ce, "Mama, na ɗauka datti ne." Raina ya ɓaci sosai, don da hoton ya zo mini a haka tun farko, ba zan iya cewa ga inda aka ɗauke shi ba.

Dattijon bai yi musu ba. Ya ba ni haƙuri, ya zaunar da yaron kusa da shi suka sake aikin ina kallo, bai karɓi ko kwabo ba. Ya kuma tura mini hoton yadda na'ura ta ɗauke shi tun kafin a taɓa. Duk wanda zai kai aiki ya nemi wannan, kuma ya faɗa musu tun farko cewa a bar bayan hoto yadda yake.

Ɗan yayata da ke karatu a Landan ya nemo layin ya turo mana hoto. Gidan na nan. An sauya tagogin katako da na roba, an dasa siminti a ɗan lambun gaba, an fitar da ɗaki a cikin rufi, amma bututun hayaƙin suna tsaye. Na ajiye hoton gidan kusa da hoton Inna a gaban kasuwar Terminus, wanda shi ma suka gyara da kyau, na daɗe ina dubansu. Kasuwar ta ƙone a 2002. Tsofaffin gidajen Turawan kuza kuwa, masu bangon dutse da murhun jin ɗumi a falo, ɗaya bayan ɗaya nake ganin ana rushe su a dasa filaza.

Saura hotuna shida, ciki har da na tashar jirgin ƙasa ta Jos. Ranar Litinin in Allah Ya kai mu zan kai musu, kuma kujera zan ja in zauna kusa da yaron.