Masu saƙa a kula: kar ku biya sai kun ga cikin safar

Salam 'yan uwa masu saƙa, don Allah ku tsaya ku karanta kafin wata ta faɗa ramin da na faɗa. Akwai wani shafi da ke ta tallar safa wai saƙar hannu ce, an fitar da tsuntsaye da itatuwa da tsaunukan yankinsu da zare kala-kala, har da cewa wai wani kaso na kuɗin zai tafi wajen kare daji. Suna kuma sayar da zaren haɗe da takardar zanen ga mai son saƙawa da kanta. Ni da zumuɗi na yi odar duka biyun.

Da kaya suka iso ina juya safar sai na ga cikinta fari fat. Duk wadda ta taɓa irin wannan saƙar da ake kira Fair Isle, sunan wani ɗan tsibiri ne a ƙasar Sikotilan, ta san zare biyu ake tafiya da su a layi ɗaya, wanda ba a aiki da shi yana bi ta baya, shi ya sa in kin juya ta gaske za ki ga zaruruwa kwance a jere kuma ba ta cika miƙewa ba kamar mai kala ɗaya. Wannan kuwa buga hoton kawai aka yi a kan safar inji, ki ɗan ja ta sai tsuntsun ya tsattsage fari ya leƙo.

Zaren ma haka. Sun rubuta kashi 75 ulu 25 nailan, wanda shi ne aka saba yin safa da shi, na yanki kaɗan na sa mai ashana. Ulu warin ƙonannen gashi yake yi ya bar toka mai marmashewa, nasu narkewa ya yi ya dunƙule kamar roba.

Takardar zanen kuwa wallahi har dariya ta ba ni duk da haushi, kala shida a layi ɗaya! Da hannu nawa zan riƙe su? Sai da na koma na zuƙo hoton tallar na ga saƙar ba ta fito da ƙananan siffofin nan masu kama da harafin V da ake gani a jere a jikin saƙa ba, duk ta narke cikin juna, kwamfuta ce ta haɗa shi. Wani hoton kuma na saka a Google Lens, manhajar nan ta bincike da hoto, ya fito a shafin wata baiwar Allah da ba ruwanta, sace mata aiki suka yi.

Na yi musu magana suka ce in yi haƙuri za a duba, washegari na tarar sun toshe ni. Yanzu ma wata ƙawata ta ce sun canza suna amma hotunan su ne dai. In kun ci karo da su ku ce su juya safar a bidiyo da hannunsu, su kuma faɗi sunan ƙungiyar kare dajin da suke ba kuɗin, ni dai da na tambaya tun farko kwana-kwana suka yi ta yi min.