Garejin da ya hana ni sayen fiffiken mota a Birnin Kebbi

Na kai Corolla tawa wani garejin gyaran jikin mota a Birnin Kebbi da niyyar a ɗora mata fiffiken da ake mannawa a bayan but, domin ina jin tana rawa a hanyar Jega idan na wuce kilomita 100 a awa. Maigidan garejin ya leƙa ƙarƙashinta, ya dubi rufinta, sannan ya ce, "Alhaji, fiffike ba zai yi maka maganin wannan ba."

Bayaninsa ya gamsar da ni. Fiffike yana danne mota ne sosai a gudun tsere, amma a tafiyarmu ta yau da kullum yawanci ado ne. Matsalata biyu ce: faifan roba na ƙarƙashin inji ya yage yana kama iska, ga kuma kariyar ƙarfe da na bari a kan rufi ko babu kaya. Turjiyar iska tana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu, saboda haka abin da ba a ji a cikin gari yakan zama ƙugi da shan mai a babbar hanya, musamman idan tirela ta gifta ko iskar hunturu ta bugo daga gefe.

Sun sauya faifan, sun sauke kariyar, sun daidaita bambar gaba. Da na je Argungu, ƙugin ya ragu kuma sitiyari ya natsu a hannuna. Abin da ya ɓata mini rai shi ne jinkiri, domin aikin wuni ɗaya ya kai kwana uku.