Lilon Ƙarfe, Na Roba Ko Na Katako: Wanne Ya Dace Da Filin Wasan Yara a Katsina?

Mai makaranta ko mai wurin shaƙatawa da zai kafa wa yara lilo da abin zamiya yana da zaɓi uku: katako, robar da ake shigowa da ita daga Chaina, ko ƙarfen da mai walda zai haɗa a gida.

Katako dai a bar maganarsa, gara ba za ta ƙyale shi ba. Roba tana da kyan gani ranar da aka kafa ta, amma ranar watan Afrilu da ke haura digiri 40 tana kashe launinta, ta busar da ita har ta fara tsagewa, kuma in ta tsage babu mai ɗinke ta.

Ƙarfe shi ne abin saye. Tun da daɗewa a kansa aka dogara. Injiniya Charles Wicksteed, wanda ya buɗe filin shaƙatawa a garin Kettering na Ingila a 1921, da fayif ɗin ƙarfe ya riƙa ƙera lilo. Sai dai ƙarfe suna ya tara. A nemi fayif ɗin galbanaiz, wato wanda aka yi wa rufin hana tsatsa, mai faɗin inci 2 zuwa 3, kaurinsa kada ya gaza milimita 3. Kowace ƙafa ta shiga ƙasa santimita 60, a zuba mata kankare, a bar shi mako guda kafin yaro ya hau. A saman sarƙa a sa boris, domin ƙugiya tsirara tana cin sandar sama a hankali har ta yanke. Ƙarƙashi a zuba yashi mai zurfin santimita 30, kada a yi daɓen siminti. Gaba da bayan lilo a bar fili ninki biyu na tsayinsa. Babban aibin ƙarfe shi ne zafi. Farantin zamiya yana ƙona cinyar yaro da rana tsaka, don haka a kafa shi a inuwar bedi ko a yi masa rumfa.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen fayif. Wasu kan sayo baƙin fayif mai arha, ko tsohon da tsatsa ta ci, su fesa masa fentin azurfa su ce galbanaiz ne. A kankare shi da ƙusa: fenti zai ɓare baƙi ya bayyana, na gaske kuwa ba ya ɓarewa haka. A leƙa cikin bakinsa ma, don mai algus ba ya fenta ciki. Kauri kuma a auna shi a gaban mai saye kafin a toshe bakin, saboda da an rufe, mai milimita 1.5 da mai 3 duk kamarsu ɗaya. Akwai kuma waldar ɗigo, a ɗiga wuta wuri biyu ko uku, a cike sauran da fotin mota, a shafe da fenti. Irin wannan mahaɗa ce ke ɓallewa yara na kai. Saboda haka kada a yarda a yi fenti sai an ga walda ta zagaye kowace mahaɗa.

A duba tazarar sandunan tsani da na shinge. Duk ramin da ya faɗa tsakanin santimita 9 da 23 jikin yaro zai wuce, kansa ya maƙale. Kuɗi kuwa a biya kashi uku, na ƙarshe sai an kafa, babban mutum ya hau ya gwada.