Sharhi: akwatin bugu na saita amfilifaya, haɗin gida daga Jos

Duk mai rediyon sha'awa da ke da amfilifaya (na'urar ƙara wa sigina ƙarfi) mai bawul, wato kwalaben gilashin da ke ƙara ƙarfin, ya san cewa lokacin saiti ne bawul ke shan wahala, fiye da lokacin hira. Kana danne da makullin aika saƙon Mos, cikakken ƙarfi na shiga, kana murɗa maɓallan saiti na PLATE da LOAD kana neman daidai, kafin ka samu kuwa wutar da ya kamata ta fita ta eriya ta koma zafi a jikin bawul. Ɗauki amfilifayar Ameritron AL-811H: bawul 811A guda huɗu ne a ciki, kowanne wat 65 na zafi yake iya jurewa, jimla 260. In kana fitar da wat 600, ko saitin ya yi daidai zafin da ke tsayawa a ciki ya haura 300. In bai yi daidai ba, ba a magana.

Wannan matsala ce wani mai haɗa kayan lantarki a gidansa ta wajen Bukuru ya yi wa magani da ɗan akwati da bai wuce tafin hannu ba. Fasahar ba sabuwa ba ce, kamfanoni irin su MFJ da Ameritron a Amurka sun daɗe da sayar da irinta. Abin da ya bambanta shi ne ba sai ka nemi dala ba, kuma in ya lalace mai shi yana nan cikin gari.

Aikinsa shi ne ya riƙa danna makullin Mos a madadinka, yana saki, da saurin da hannu ba zai iya ba, kamar mai taɓa tukunya mai zafi yana ɗauke yatsa. A cikin kowane bugu amfilifaya na ba da ƙarfinta duka, amma tsakanin bugu da bugu bawul na hutawa. Da aka buɗe murfin, abin da ke ciki ba ya da yawa: NE555 ɗaya (ɗan cif mai ƙidaya lokaci), kafasita mai maikurofarad 1, rizista 15k da 47k, diyod 1N4148, taransista 2N2222 da ke yin dannawar, sai batir mai bolt 9. Lissafinsa ya fito: kusan milisakan 10 a kunne, 33 a kashe, wato bugu wajen 23 a daƙiƙa, kuma kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na lokacin wuta ke fita. Diyod ɗin nan shi ne shaidar cewa maƙerin ya san abin da yake yi, don in babu shi 555 ba ta sauka ƙasa da rabi. Dalmar da ya sa tana da tsabta, babu dunƙule, babu wayar da ke lilo.

Wajen amfani, a fara da eriyar gwaji, wato wadda ke shanye wutar ba ta watsa ta, mai om 50 wadda za ta ɗauki ƙarfin. A sa rediyo a CW, wato tsarin Mos, a kashe makullin atomatik na cikinta ta koma makulli na hannu, in ba haka ba za ta ɗauki bugun a matsayin umarni ta riƙa aika nata ɗigo. Sannan abin da takardar da ke zuwa da akwatin ba ta faɗa ba, kuma ya fi kome muhimmanci: a tsawaita jinkirin komawa sauraro zuwa kamar rabin daƙiƙa, ko a riƙe rediyon a kan aikawa da maɓallin MOX. In ka bar ta tana komawa sauraro bayan kowane bugu, rile ɗin amfilifaya, wato makunnin da ke sauya ta tsakanin aikawa da sauraro, zai yi ta kaɗawa sau ashirin da wani abu a daƙiƙa alhali wuta na bi ta kansa, bakinsa ya ƙone. Wannan rashin bayani babban aibi ne, domin gyaran rile ya fi kuɗin akwatin.

Daga nan sai a ba da wat 20 zuwa 30, a murɗa PLATE har fitarwa ta kai ƙarshenta, a murɗa LOAD haka, a koma PLATE. A ƙara ƙarfin rediyo, a maimaita. In an kai inda ake so, a ɗan ƙara LOAD har fitarwa ta ragu kaɗan, wutar girid (ragar da ke cikin bawul) ta sauka. Nan ne murya ke fita ba tare da ta fantsama kan maƙwabta ba. Daɗin abin shi ne ba ka cikin gaggawa. A 811A farantin cikin bawul bai ko canza launi ba duk tsawon saitin, kuma haka ake so, wannan bawul in ya yi ja to ya fara cin ransa. Bawul 3-500Z na cikin amfilifayar Heathkit SB-220 ya fi shi haƙuri, amma shi ma ya samu sauƙi.

Sai dai akwatin ba shi da amfani in mitar wat ɗinka ba irin mai riƙe ƙololuwar ƙarfi ba ce, wato mai aiki da batir ko wutar waje. Mita ta gama-gari matsakaici take nunawa, allurarta na rawa, ba za ka gane inda ƙarshen yake ba. Haka allurorin jikin amfilifaya: ƙarya suke yi maka muddin bugu na tafiya. In mitar girid ta nuna miliamfiya 40, ainihin abin da ke bi a cikin bugun ya kusa 160. Mutum sai ya ga allura a ƙasa ya ɗauka yana da sauran fili, ya ƙara ƙarfi. Don haka bayan an gama, a kashe akwatin, a danna makulli sosai na daƙiƙa biyu ko uku a karanta girid na gaskiya.

Akwai kuma batun FT8 da RTTY, tsarukan aika rubutu ta rediyo. Da bugu, babban boltej na amfilifaya ba ya faɗuwa sosai, saboda haka saitin ya dace da murya da Mos. Amma FT8 kusan daƙiƙa 13 take riƙe wuta ba hutu, boltej na sauka, saitin ya goce. Mai wannan aiki ya rage ƙarfi zuwa rabi ko ƙasa, ya sake duba saitin da makulli a danne. Haka in wutar gari ta yi rauni ko an koma janareta, saitin da aka yi a bolt 230 ba zai tsaya ba.

Inda akwatin ya gaza a ƙira shi ne jikinsa roba ne, wayarsa kuma marar sulke. A zangon rediyo na mita 40 da 20 lafiya ƙalau. A zangon mita 10, da ƙarfi ya haura wat 400, sigina na kutsawa cikinsa, bugun ya rikice, wani lokaci ya maƙale a kunne, wanda shi ne ainihin abin da aka saye shi don a guje wa. Kafasita mai maikurofarad 0.01 a bakin fitarwa da zagaye biyar ko shida na wayar a zoben ferayit sun kashe matsalar, amma kamata ya yi ya zo da su. Ba shi da fitilar nuna ƙarfin batir, ba shi kuma da maɓallin sauya tsawon bugu. Rediyon da ke tashi a hankali tana cinye rabin milisakan 10 ɗin kafin ta kai ƙarfi, sai ka ga fitarwa ƙasa da gaskiya. Sauya rizista 15k da 22k, don bugun ya ƙara tsawo, ya wadatar.

A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ga ƙurar hunturu da ke kwanciya tsakanin farantan kafasita, tartsatsi ya fi saurin tashi. Bugu ba ya hana shi, tunda ƙololuwar boltej ba ta ragu ba. A hure ƙurar, bayan an cire filogi an kuma sauke wutar kafasitocin, don SB-220 na ɗauke da kusan bolt 3,000.

Mai amfilifaya ta taransista ko mai saita kanta ba ya bukatarsa. Mai bawul 811A ko 572B ya saya, tare da mitar ƙololuwa, ya kuma nemi maƙerin ya sa masa shi a akwatin ƙarfe. In dole sai an gwada a eriya ta gaske, a saurara tukuna, a faɗi lambar kira ta Najeriya mai farawa da 5N, a kuma nisanci megahaz 14.100 da 14.074, inda tashoshin gwajin sigina na duniya da masu FT8 ke aiki.