Voriconazole 200 mg: magani ne mai aiki, amma jinin kowa da yadda yake riƙe shi

Idan funfunar Aspergillus ta zauna cikin huhu, musamman a ramukan da tarin fuka ya bari bayan an warke, voriconazole na cikin magungunan da muka fi yarda da su. Pfizer ta fito da shi da sunan Vfend a 2002, yanzu wasu kamfanoni ma suna yin sa. Fluconazole mai arha da ke farmasin Yamai ba ya kashe Aspergillus, kada tsada ta sa a musanya su.

Babba mai kilo 40 ko fiye yana shan 400 mg sau biyu a ranar farko, daga nan 200 mg kowane awa 12, awa guda kafin abinci ko awa guda bayansa. Wanda bai kai kilo 40 ba, rabin haka.

Raunin maganin yana wajen hanta. Sinadarin CYP2C19 ne ke narkar da shi, kuma ƙarfin sinadarin gado ne daga uwa da uba. Wanda ya gaji nau'i mai rauni, *2 ko *3, daga ɓangarorin biyu, maganin na taruwa a jininsa har kusan ninki huɗu. Sai ido ya yi rawaya, gani ya dushe, wani har ya riƙa ganin abin da babu shi. Takardar maganin ta ce kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na baƙar fata haka suke, a Asiya kuwa 15 zuwa 20. Mai nau'i mai ƙarfi, *17, musamman daga uwa da uba duka, hantarsa na share maganin da sauri: yana sha kan lokaci, tari da jini bai tsaya ba, dangi su ce maganin jabu ne. Wannan ya fi ba mu tsoro, domin babu alamar da ke faɗakarwa. Ƙa'idar 2016 ta CPIC, ƙungiyar masana kan daidaita magani da gadon mutum, ta ce manya na rukunonin nan biyu a sauya musu magani, kamar posaconazole ko isavuconazole.

Saboda haka kada a saye shi ba tare da shirin awon jini ba. Kusan kwana na biyar, a ɗebi jini dab da shan ƙwaya ta gaba. Ana son maganin ya kasance 1 zuwa 5.5 mg a kowace lita ta jini. A tambayi lokotoro tun ranar rubuta takarda inda za a yi awon. Gwajin hanta kuma kowane mako a watan farko.

Fatar mai shan maganin na ƙonewa da rana cikin sauƙi, ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40: riga mai dogon hannu da malfa wajibi ne.

Mai shan rifampicin na tarin fuka kada ya sha voriconazole, domin rifampicin yana zubar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na maganin daga jini. Haka carbamazepine da phenobarbital na masu farfaɗiya. Mai ciki ta sanar da lokotoro kafin ƙwayar farko.