Mera ko Imja Tse: wanne ya fi dacewa da sabon mahayi?

Wanda yake son fara hawan duwatsun Himalaya a ƙasar Nepal yakan tsaya tsakanin duwatsu biyu, Mera da Imja Tse, kuma akasarin masu zuwa kowannensu sukan fara tattaki daga garin Lukla.

Mera ya fi tsawo, domin ya kai mita 6,476, amma hawansa bai cika buƙatar gwaninta ba. Ana bi ta kwarin Hinku zuwa ƙauyen Khare, daga nan a taka ƙanƙara mai sauƙin gangara, sai dai ƙarancin iska da tsananin sanyi su ne ke karya lagon mutum. Ladan wahalar kuwa babba ne: idan gari ya waye sarai, daga ƙololuwarsa ana hango manyan duwatsun Everest da Lhotse da Makalu da Cho Oyu da Kangchenjunga.

Imja Tse, wanda ya ɗan haura mita 6,100, ana isa gare shi ta ƙauyen Chhukung a yankin Khumbu. Gajartarsa kan yaudari mutane, alhali kafin ƙololuwa akwai tsagogi a cikin ƙanƙara, da bango mai tsayi da ake hawa da igiya, sannan siririn doro wanda ba ya yafe sakaci.

A ganina, wanda bai taɓa riƙe gatarin ƙanƙara ba ya fara da Mera, cikin Afrilu ko Oktoba, tare da jagora, kuma ya ba jikinsa kwanaki ya saba da tudu kafin ya nufi sama.